Sabon Kwail a Motar Baba Mai Bas

Tun yana saurayi aka san shi da zafin rai. Ma'aikatan masaƙa, waɗanda ya kwashe fiye da rabin rayuwarsa yana kai su aiki yana mai da su gida a doguwar bas ɗin kamfani, sukan ce agogo ma wajensa yake tambayar lokaci. In ya tsaya a bakin layi ya danna hon, wanda bai fito ba sai dai ya biyo bas ɗin da gudu, takalmi a hannu. Ya taɓa barin shugaban wani sashe tsaye a bakin titi yana ɗaga hannu. Aka kira shi ofis, ya shiga, ko zama bai yi ba ya ce shi direba aka ɗauke shi, ba mai tashin manya daga barci ba. Ba a kore shi ba, don a duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Daga nan sunan Mai Bas ya bi shi, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba.

A gida ma haka yake. Ba ya duka, amma muryarsa ta ishi kowa. 'Ya'yansa maza suka taso in sun ji takunsa a ƙofar gida sai kowa ya nemi abin yi. Da suka girma aiki ya kai su nesa, ba su kuwa yi gardama da aikin ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta koyi zama da shi kamar mai gida a bakin titin jirgi: in ya taso sai ta yi shiru har ya wuce. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kauce masa ba, babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka ba ya kiran sunan, sai dai ya ce Uwata. Ita ta ɗauko shi kaf, har da jijiyar nan da ke tashi a goshinsa in ransa ya ɓaci. Shi ya koya mata tuƙi a filin bayan makaranta tun tana budurwa, ya yi mata tsawa ta mayar masa, su dawo gida ba mai kallon wani, gari na wayewa su sake fita. Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, da mijinta da 'ya'yanta, gidanta ba nisa. Duk da haka bai taɓa ba ta makullin motarsa ta fita ita kaɗai ba.

Motar kuwa ya same ta ne bayan masaƙa ta rage ma'aikata an sallame shi. Wani injiniyan kamfanin da zai bar gari ya sayar masa. Ruwan toka ce mai dogon hanci, ko a lokacin ta manyanta. Ya kafa mata rumfar kwano a tsakar gida kusa da famfo, sai da aka sare bishiyar lemon Inna kafin a sami wuri. Mota ce mai hali. Da safe sai an ja mata cok, an taka totur an saki, an ɗan jira, sannan a murɗa makulli a daidai wani lokaci da shi kaɗai ya sani. Wani in ya gwada sai ta shaƙe da mai, ta yi ta tari har batir ya mutu. In kuma ta yi tafiya ta ɗau zafi, sai ta mutu a duk inda ta ga dama. Laifin na kwail ne, wani baƙin gwangwani da ke ɗaure a gefen inji, wanda aikinsa shi ne ya karɓi wutar batir ya ƙara mata ƙarfi ya aika wa fulogai. Nata ya tsufa, da ya ji zafi sai wutarsa ta yi rauni. Baba Mai Bas yana da maganin abin a ƙarƙashin kujera: tsumma da gorar ruwa. Sai ya buɗe bonet, ya jiƙa tsumman ya naɗe kwail ɗin kamar mai zazzaɓi, ya tsaya hannu a ƙugu yana harar duk wanda ya kalle shi. In gwangwanin ya huce ta tashi.

Dogo mai wayarin, wanda garejinsa ke bayan gidan mai, tun zamanin bas suke tare. Ya sha gaya masa.

"Mai Bas, gwangwanin nan ya gama aikinsa. Yanzu akwai sababbi, wutarsu ta ninka wannan, kuma ba ruwansu da zafi. Ka bari in sa maka."

"Da shi aka ƙera ta," in ji Baba Mai Bas. "Kai ma ka tsufa, an canja ka?"

Ranar da al'amura suka fara ɓaci, ranar asibitin Inna ce. Tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, ana duba ta lokaci-lokaci. Rana ta take, suka faɗa cunkoso a babbar mahaɗa. Danja na ba su hannu motar ta yi shiru. Hon ya kaure ta baya. Ya fito ya buɗe bonet ya naɗa tsumma, amma zafin ranar ya wuce misali, tsumman na sauka yana bushewa. Gorarsa ta ƙare. Ya zura hannu ta taga ya ɗauki gorar da Inna ta zo da ita don shan magani, ya juye. Ita kuwa tana zaune a ciki, gilashin gefenta tun bara ba ya sauka, gumi ya jiƙe mata mayafi.

Da motar ta tashi ya fizge ta a fusace. Wani mai baro yana tsallakawa ta hagu, ya goge shi, tumatir suka watse a kwalta. Mutumin bai ji ciwo ba, ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Baba, wai ba ka gani ne?"

Saura kaɗan Baba Mai Bas ya ci kwalarsa, sai da mutane suka shiga tsakani. Amma shi ya san abin da bai gaya wa kowa ba: bai ga baron ba sam, sai da ya ji ƙara.

Suna isa jiri ya kwashi Inna a bakin ƙofa. Aka auna jininta aka ga ya hau sosai, aka kwantar da ita har yamma. Uwata, wadda a asibitin take aiki, ta fito daga ɗakin gwaji da farar rigarta, ta ji duk abin da ya faru daga bakin Inna, ta same shi a baranda.

"Baba, motar nan ita za ta kashe mana uwa."

"Ke, ki iya bakinki. A wurin aikinki kike."

"A wurin aikina nake, shi ya sa na ga abin da na'ura ta nuna. Kuma tun yaushe idonka ya fara?"

"Idona lafiyarsa lau."

"To karanta min abin da ke rubuce a ƙofar can."

Ya juya ya kalli ƙofar. Ya ga fari da wani ɗan duhu a tsakiya. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da za ta yi masa jarrabawa, ya kaɗa riga ya fita.

Sai da ta haɗa da 'yan'uwanta maza a waya, suka yi ta kira suna lallami, kafin ya yarda ya ga likitan ido. Likitan ya haska masa fitila, ya sa shi leƙa na'urori, sannan ya ce idon dama yanar ido ce ta rufe shi, za a cire ya ɗan washe. Na hagu kuwa hawan jinin ido ya riga ya cinye gefe-gefensa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Tuƙi dai a haƙura da shi. Baba Mai Bas ya dube shi sama da ƙasa. A hanyar gida ya ce wa Uwata yaron nan ko shekarun lasisinsa bai kai ba.

Aka yi aikin, ya kwana a asibiti, aka dawo da shi gida a tasi da filasta a ido. Washegari da hantsi yana kwance a ɗaki, an hana shi sunkuyawa, an hana shi ɗaga abu mai nauyi, sai ya ji an buɗe ƙofar motarsa. Ya san kukan wannan ƙofar. Ya yi murmushin mugunta a kwance, ya ce a ransa bari ta gwada, yanzu za ta shaƙe ta. Aka murɗa makulli. Motar ta tashi nan take, ba tari, ba shaƙewa, inji na bugawa sumul kamar ba nata ba.

Bai san lokacin da ya kai tsakar gida ba, ƙafa ba takalmi. Uwata na zaune a kujerarsa, har ta matso da ita gaba. Inna na tsaye a bakin kicin riƙe da ludayi.

"Buɗe min bonet."

Ta buɗe. Ko da ido ɗaya mai rauni ya gan shi: wani jan abu siriri mai ƙyalli a inda baƙin gwangwaninsa yake, da ɗan farin dutse kamar guntun sabulu a ɗaure kusa da shi, da sababbin wayoyi.

"Wa ya taɓa min mota?"

"Ni na kira Baba Dogo ranar da kake asibiti. Ni na ce ya sa."

"Ina kwance an farke min ido, ku kuna nan kuna farke min mota."

"Baba, likita ya ce ba za ka sake tuƙi ba. Inna tana da asibiti, kai ma yanzu kana da shi. Wa zai riƙa kai ku? Ni ba zan tsaya a tsakiyar titi ina yi wa gwangwani wanka ba."

"Ashe gado kuka fara rabawa. Ku bari in mutu mana tukuna."

Jijiyar goshinta ta tashi. Ta kashe motar, ta fito, ta ajiye makullin a kan bonet da ƙarfi har ya yi tsalle.

"Ga gadonka nan. Ka ci gaba da riƙonsa."

Ta ɗauki jakarta ta fice. Ya tsaya yana huci, idon da aka yi wa aiki yana zuga kamar ana soka masa allura. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne sautin injin nan da ya ji daga ɗaki. Shekara da shekaru yana lallashin motar nan, ya san tarinta, ya san fushinta, a gidan nan ba mai zuwa ko'ina sai ya tashi ya saka hula. Ashe duk wannan abu ne da mutum zai kwance da sifana kafin shayi ya huce.

Ana cire masa filasta ya saka baƙin gilashin da aka ba shi, ya taka da ƙafa har garejin Dogo. Ya same shi rabin jikinsa a cikin wata tasi, ƙafafu a waje.

"Fito, maci amana."

Dogo ya fito yana goge hannu. "Mai Bas, ya jikin? Na so in zo dubiya."

"Ka riga ka zo ai. Ka zo ba na nan, ka shiga gidana kamar ɓarawo."

"'Yarka ce ta kira ni. Kuma gaskiya ta faɗa."

"'Yata ce ta sayi motar? Sau nawa ka tambaye ni na ce a'a? Kana jira ne ka ga na faɗi?"

Masu kawo gyara suka shiga kallonsu ta gefen ido. Dogo mutum ne mai sanyi, amma ranar shi ma ya ɗau zafi.

"Kai fa ba motar kake karewa ba. So kake kowa ya zauna yana jiranka, kamar yadda mutanen masaƙa suka yi ta bin ka da gudu. An rufe masaƙa, Mai Bas."

"Ba ni kayana."

Dogo ya nuna masa rabin duro a bayan shago, inda ake zuba mushen ƙarafa. Baba Mai Bas ya durƙusa, duk da an hana shi sunkuyawa, ya yi ta tona da hannu cikin tsofaffin fulogai da guntayen waya har ya taɓo shi. Da hannu ya gane shi, ba da ido ba. Ya sa shi a aljihun riga, ya tafi ba sallama.

A gida ya kwance jan kwail ɗin. Wayoyin da suka ƙi fita ya datse su da filaya. Ya tattara har da farin dutsen ya watsa a kwalinsu, ya shure kwalin ƙarƙashin benci. Ya mai da tsohon gwangwaninsa, wanda ko a duhu ya san inda kowace waya take shiga. Ya ji gindinsa da ɗan maiƙo, ya goge da tsumma bai kula ba. Ya ja cok, ya taka totur, ya jira, ya murɗa. Ta yi tari ta tashi. Ya leƙo ta taga ya kalli Inna kamar wanda ya ci shari'a.

"Malam, likita fa ya ce..."

"Buɗe min ƙofar gida."

Ya fita. Ba inda za shi, so kawai yake unguwa ta gan shi a bayan sitiyari. Amma titin da ya sani kamar tafin hannunsa ya zama wani iri. Babura suna fitowa daga inda babu kowa, mutane suna ɓullowa a gaban hancin motar kamar daga ƙasa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tafiya a hankali har masu keke na wuce shi, gumi na bin bayansa. Bai yi nisa ba, a gangaren kusa da kasuwar katako, motar ta mutu. Ya naɗa tsumma, ya jira, ya murɗa. Shiru. Ya sayi ruwa ya ƙara. Shiru. Ya shafa gwangwanin ya ji tsaga a wuyansa, man cikinsa duk ya tsiyaye. Jifan da aka yi da shi cikin duro ya fasa shi.

Wasu masu lodin katako suka tura masa ita gefe. Ɗayansu ya ce, da kyakkyawar niyya, "Baba, ina 'ya'yanka? Ai kai yanzu hutu ya kamace ka." Baba Mai Bas ya zage shi tas, mutumin ya tafi yana girgiza kai. Da la'asar wata akori-kura ta jawo motar da igiya har ƙofar gida, maƙwabta na zaune a waje suna kallo.

Motar ta zauna a rumfa makonni. Ya ce Dogo ne ya kashe masa kwail da gangan, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji wannan labari. Uwata ta ɗauke ƙafa, sai dai ta aiko da magani ta kira Inna a waya. Gidan ya yi nauyi. Ya yi faɗa a kan gishiri, ya yi faɗa a kan famfo da ke ɗiga, ya yi faɗa da rediyo.

Ranar asibitin Inna ta sake zagayowa. Ta tafi ita kaɗai a motar haya, an matse ta a baya da gwiwarta mai ciwo. Wajen saukowa direban ya ja tun ba ta gama sauke ƙafa ba, ta faɗi a bakin kwata. Ta shigo gida tana ɗingishi, zaninta duk laka, tafin hannunta ya kuje. Yana zaune a benci, ya miƙe ya fara.

"Wane ɗan iskan direba ne? Kin ga lambarsa? Direbobin yanzu duk..."

"Malam, zauna."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya zauna.

"Shekara nawa ina zama a motar nan ina gumi, kana shayar da gwangwani ruwa? Ko sau ɗaya ka taɓa juyowa ka ce in kurɓa? Ranar nan har ruwan maganina ka ɗauka. An sare min lemo na yi shiru. Yarana maza sun gudu daga muryarka na yi shiru. Guda ɗaya da ta rage tana leƙo mu, ita ma ka kore ta a kan gwangwani. To ni na gaji. Ko motar nan ta tashi yarinyar nan ta riƙa kai ni, ko in koma gidanta da zama, ka zauna kai da abarka."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ya buɗe baki, babu wanda zai yi wa tsawa. Ranar ba a ɗora tukunya ba.

Da safe ya jawo kwalin daga ƙarƙashin benci. In dai sai an sa abin nan, to hannunsa ne zai sa, ba na Dogo ba. Ya cire kan batir, ya kwance fasasshen gwangwanin, ya ɗauko jan. A kansa akwai ƙusoshi biyu, ɗaya na wayar da ta zo daga makulli, ɗaya na siririyar wayar da ke zuwa distirbita mai raba wa fulogai wuta, kowanne da alamarsa, ta tarawa da ta ɗebewa. Ya kai shi hasken rana. Ya cire gilashi, ya mayar. Ya shafa da babban yatsa, alamun sun yi ƙanana, ba ya jin komai. Ya daɗe a tsaye da abin a hannu. A rayuwarsa bai taɓa haɗa waya da ka ba, kuma ba zai fara yau ba. Ya je bakin ƙofar Inna.

"Kira min ita."

Uwata ta zo bayan ta tashi daga aiki. Ta gaishe shi a taƙaice, ya amsa a taƙaice. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta naɗe hannun riga.

"Wanne ne mai alamar tarawa?" ya tambaya.

"Na dama."

"Damarki ko damata?"

Ta kama yatsansa ta ɗora a kai. Ya fizge hannun, amma ya riƙe wurin a ransa.

Suka fara. Ya ce ta kankare tsatsar inda za a ɗaura maƙalin kwail ɗin da takardar yashi har sai ƙarfe ya fito fari. Ta kankare, ya shafa ya ce da saura. Ta ƙara, ya ce ta cika gaggawa kamar mijinta. Ta ce a bar mijinta a inda yake. Wayoyin da ya datse sun gajarce, sai da ta fere bakinsu ta yi musu ƙari, tana yi tana cewa da ba a yi aikin fushi ba da yanzu an gama. Ya ce da ba a yi aikin sata ba da ba a yi na fushi ba. Da aka zo kan farin dutsen ya ce a bar shi, ƙawa ce kawai ta masu son sayar da kaya.

"Baba Dogo ya ce dole ne. Rezista ce, a kan wayar makulli ake sa ta kafin ta shiga kwail. In babu ita wutar za ta yi yawa ta ƙone kwantak ɗin cikin distirbita."

"Dogo ya ce."

"To a bar ta, in ta ƙone ka sake neman wanda za ka ɗora wa."

Ya yi tsaki, ya miƙa mata dutsen. Wajen ɗaure shi noti ya suɓuce mata ya faɗa cikin inji. Ya ce ai ya sani, hannun da ya saba da allura ina zai iya riƙe noti. Ta zura hannu tana lalube, sifana ta goce, ƙarfe ya yanke ta a bayan yatsa. Jini ya fito. Ta ɗago, idonta ya kaɗa.

"Baba, ni ma ina da gida, ina da yara suna jirana. Ba don Inna ba wallahi da ban zo ba. Tun ina yarinya duk abin da na yi maka sai ka nemo inda ya karkace."

Ya kama hannun ya kai kusa da idonsa na dama, ya juya shi, ya ce ta je famfo ta wanke da sabulu. Kafin ta dawo ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin motar ya samo notin a cikin ƙasa. Ya ɗaure shi da kansa. Babbar wayar tsakiya ma shi ya danna ta har ta yi ƙas. Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya tana faɗa masa launinsu da inda kowace ta shiga, yana gyaɗa kai. Ya mai da kan batir.

Makullin na aljihunsa. Ya fito da shi, ya tsaya a bakin ƙofar direba, sannan ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

"Kar ki taɓa totur."

Ta murɗa, ta tashi. Ya sa kunne a gefen inji ya saurara, fuskarsa a murtuke. Ya nemi abin da zai kushe bai samu ba, sai ya ce silo ya yi sama, wai bugun injin a tsaye ya yi sauri. Ya karɓi sukundireba ya rage shi da kunne, ya rufe bonet ya shige ɗaki.

Bai sake tuƙi ba. Da Dogo kuwa har yau ba su koma kamar da ba, in sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sukan gaisa, sai dai Baba Mai Bas na nan a kan bakansa cewa da gangan aka fasa masa kwail. Motar tana kwana a rumfarta, Uwata takan zo ta ɗauke su in ranar asibiti ta yi.

Fitarsu ta farko ya zauna a gaba, Inna a baya ta miƙe ƙafa a kan kujera. Tun daga ƙofar gida ya fara. Ta saki kuloci da wuri. Ta manne wa na gabanta. Wannan giyar ba ta nan ba ce. Suna kaiwa gaban wani kantin magani Uwata ta sa sigina ta gangara gefe, ta ja birkin hannu.

"Baba, ko ka yi shiru, ko ka koma baya Inna ta dawo gaba."

"A motata?"

"A motarka."

Ya juya yana neman Inna ta sa baki. Inna na kallon waje.

"Ni dai kar a sa in makara," ta ce.

Ya gyara hularsa, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kafe titi da ido. Uwata ta hau kwalta. Ya yi shiru har suka wuce gidan mai, suka wuce makarantar 'yan mata. Suna shiga shataletale ya ce, ƙasa-ƙasa, wai da kansa yake magana, mutum in zai fita ta dama tun daga nesa yake neman hannunsa.